Ilimi da Farin Zuciya: Gargaɗi ga Iyaye da Malamai

Ya kai mai-karatu, idan Allah ya ba ka ɗa, ko kuwa an danƙa maka 'ya'yan waɗansu domin ka koya masu, ka kasa kunne. Mutane da yawa suna zato hanya biyu ce kaɗai a gaban yaro: ko ya sha bulala da kuka ya sami ilimi, ko ya ji daɗi ya tashi jahili. Wannan zato kuskure ne, ya kuwa ɓata yara da yawa. Ilimi da farin zuciya 'yan'uwa ne, makarantar kirki kuwa ita ce mai-goyon su biyu tare.

Ga labarin wani malami da ya gwada wannan a aikace. Sunansa Pestalozzi, mutumin ƙasar Suwizalan, an haife shi a birnin Zurik a shekara ta 1746. A 1798 mayaƙan Faransa suka faɗa wa wani yanki na ƙasar, suka kashe mutane, suka ƙone gidaje, suka bar marayu barkatai. Aka aiki Pestalozzi garin Stans domin ya tattara su. Yara wajen 80 suka taru a hannunsa, da tsummoki da ƙwarƙwata da ƙazuwa, ba shi da mataimaki sai mace guda mai-lura da gida. Ya ci abin da su ke ci, ya kwana inda su ke kwana, ya yi jiyyar marasa-lafiya da hannunsa. Sa'anda yaran suka tabbata yana ƙaunarsu, tsoro ya fita daga zukatansu, sai karatu ya soma shiga, har wanda ya gane abu ya kan zauna ya koya wa ƙanana. A 1799 aka karɓe gidan aka mai da shi asibitin soja, amma malamin ya riga ya ga gaskiyar da ya riƙe har mutuwarsa, watau dole a goyi kai da zuciya da hannu gaba ɗaya.

A 1805 ya buɗe makarantarsa a garin Yverdon, cikin wani tsohon gidan sarauta a bakin tafki. Kada ka yi tsammani wurin lalaci ne, gama yaran suna tashi tun da asuba, suna aiki ƙwarai. Amma ba a sa su haddar abin da ba su gane ba. Gani ya kori ji: lissafi a kan fara shi da tsakuwa da wake kafin a kai ga lambobi, labarin ƙasa kuwa sai a fita da su su duba kwari da idonsu, su ɗebo yumɓu, su komo su gina kamanninsa bisa tebur. Suna iyo a tafki, suna hawan duwatsu, suna waƙa, suna kiran malaminsu Baba Pestalozzi. Ya kan tsauta sa'anda tsautawa ta wajaba, amma a bisa ƙauna ya kafa makarantar. Sunanta ya kai nesa, har gwamnatin Prusiya ta ƙasar Jamus ta aiko samari su koyi aikin malanta wurinsa. Wani Bajamushe kuma, Froebel, ya zauna can daga 1808 zuwa 1810, shi ne daga baya, a 1840, ya raɗa wa makarantar ƙananan yara suna lambun yara, domin yaro kamar shuka ya ke, ban ruwa ya ke so da haƙuri.

Ka lura da ƙarshen labarin kuma, gama akwai gargaɗi ciki. Husuma da kishi suka shiga tsakanin manyan malaman makarantar, yara suka yi ta raguwa, har aka rufe ta a 1825, Pestalozzi kuwa ya rasu a 1827. Dabarun koyarwa suna nan, amma da salama ta fita gidan, ba su iya riƙe shi ba.

Littafi Mai-Tsarki ya riga ya nuna mana wannan hanya. Luka ya ba da shaida a sura ta 2 cewa girman Ubangijinmu Yesu Kristi ya haɗa hikima da jiki da tagomashi wurin Allah da mutane. Ba sashi guda kaɗai ya yi girma ba. Markus kuma a sura ta 10 ya nuna ransa ya ɓaci sa'anda almajirai suka kori yara, ya kira su ya sa masu albarka. Manzo Bulus ya gargaɗi ubanni cikin wasiƙarsa ga Afisawa kada su cakuni 'ya'yansu har su fusata. Duk da haka misalin talanti cikin Matta sura ta 25 ya tsauta wa bawan da ya binne abin da aka ba shi. Ashe ragwanci zunubi ne, karya zuciyar yaro kuma zunubi ne.

Domin wannan, ya kai uba, ya ke uwa, sa'anda za ku zaɓa wa ɗanku makaranta, kada ku tsaya ga tsawon bene, ko yawan kuɗi, ko yawan waɗanda suka ci jarrabawar WAEC. Ku yi tambaya biyu: me yaron ya gane, ƙaƙa kuma ya ke tafiya can da safe? Labarin zuciya a tambayi fuska. Idan ya kawo takardar sakamako, kada ku fara da tambayar na nawa ya zo; ku tambaye shi abin da ya koya, ku sa ya nuna maku. Kada ku kunyatar da shi gaban ƙanensa domin ƙanen ya fi shi maki. Yaron da a ke ƙauna ranar da ya zo na ɗaya kaɗai, shi ne ya kan koyi satar amsa, gama ya ga maki ya fi gaskiya daraja a gidansu.

Kai kuma malam, yaron nan mai-nauyin kai da ke zaune can baya, amanar Allah ce a hannunka daidai da mai-hazaƙa. Sannu ba ta hana zuwa. Ka nema daga kowane ɗaya iyakar ƙoƙarinsa, ka yabe shi bisa ga ƙoƙarin, ka zauna lafiya da abokan aikinka, gama yara suna ganin abin da ku ke yi fiye da abin da ku ke faɗi.

Allah mai-jinƙai ya ba mu hikima da haƙuri, domin 'ya'yanmu su tashi masu-sani da masu-murna, su bauta masa da zuciya ɗaya. Amin.