Tsakanin Tatsuniya da Labarun Ƙarfe Tara: Ina Rabon Matasa a Talabijin?

A gidajen da ake kallon talabijin, dare yakan kasu kashi biyu. Da yamma ƙananan yara su zauna su kalli katun da waƙe-waƙensu, su yi ta ƙyalƙyala dariya har barci ya kwashe su. Da ƙarfe tara ya buga sai maigida ya gyara zama domin jin labarun duniya, uwargida kuwa tana jiran wasan kwaikwayonta. Amma akwai wani mutum na uku a ɗakin, wanda ya wuce shekara goma sha biyu bai kai ashirin ba. Katun ya yi masa ƙanƙanta, labarun siyasa sun yi masa nisa. Shi dai yana zaune kamar jemage, ba ya cikin tsuntsaye, ba ya cikin ɓeraye. Tambayar da wannan maƙala ke son yi ita ce, shin akwatin da ke gabansa yana yi masa adalci?

Kafin a ba da amsa, ya kamata a waiwayi abin da talabijin ya tarar. A ƙasar Hausa ta dauri, dare na yara da samari ne. Ƙanana suna gaban kaka suna sauraron tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Waɗanda suka tasa kuwa suna dandali, 'yan mata na gaɗa, samari na langa da kokawa, ga sarkin samari mai tsawatarwa idan wani ya wuce gona da iri. A can ne saurayi ke koyon magana a cikin tsara, da yadda ake haƙuri idan an kayar da mutum, da yadda ake tunkarar budurwa cikin ladabi. Haka kuma, da yake kunya ta hana ɗa ya tambayi mahaifinsa wasu al'amura, al'ada ta buɗe masa wata ƙofa, wato wasan jika da kaka, da na taubasai, inda ake faɗin gaskiya mai nauyi cikin raha. Ashe ke nan al'umma ta san cewa wannan shekarun na da buƙatarsa ta daban, ta kuma yi masa tanadi.

Sai talabijin ya shigo. An buɗe tasha ta farko a Nijeriya a Ibadan cikin 1959, ta Kaduna ta biyo baya a 1962, sannan aka haɗe tashoshin a ƙarƙashin hukumar NTA a 1977. Dokar soja ta 1992 ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshinsu, daga baya kuma tauraron ɗan Adam ya kawo ɗaruruwan tashoshi har cikin ɗaki. Sannu a hankali akwatin ya karɓe sa'o'in dandali. Abin da bai karɓa ba shi ne aikin dandali.

Ba za a ce bai tsinana kome ba, domin yin haka rashin adalci ne. Tun 1984 shirin Tales by Moonlight ya riƙa kawo wa ƙananan yara tatsuniyoyin ƙabilun ƙasar nan. Manya kuwa sun sha dariya da darasi a wajen Samanja da Karkuzu da Ƙasimu Yero. To amma idan aka nemi shirin da aka tsara musamman domin ɗan sakandare, sai a ga yatsun hannu sun ishi lissafi. Fitacce a cikinsu shi ne I Need to Know, wanda aka nuna daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa 2002 da tallafin asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a. Ya bi rayuwar wasu ɗalibai, ya taɓo cikin shege da cutar ƙanjamau, matasa kuma suka rungume shi hannu biyu. Karɓuwar da ya samu shaida ce ta irin ƙishirwar da ke akwai. Sai dai mai karatu ya lura: kuɗin waje ne ya ɗauki nauyinsa, kuma tsoron annoba ne ya sa aka tuna da matasan.

A nan ne gizo ke saƙar. Talabijin yakan dubi matashi da ido biyu kawai. Ido na farko na ɗan kasuwa ne, wanda ke ganinsa a matsayin mai sayen lemon kwalba da katin waya, ko mai cika gidan kallon ƙwallon Turai ranar Asabar. Ido na biyu na mai wa'azi ne, wanda ke ganinsa a matsayin matsala: kada ka sha ƙwaya, kada ki yi yawo, kada ku yi satar jarrabawa. Duka biyun suna magana a kansa, babu mai magana da shi. Alhali kuwa yaron da ke shekara goma sha biyar cike yake da tambayoyi na gaske. Me ya sa mai gaskiya ke talauci, maƙaryaci na hawa mota? Wace sana'a zan yi idan ban ci jarrabawa ba? Me ke faruwa da jikina? Yaya zan zauna da ɗan ajinmu wanda harshensa da addininsa suka bambanta da nawa? Idan babu shirin da zai ɗauki waɗannan tambayoyi da muhimmanci, sai ya nemi amsarsu a cikin abin da aka dafa wa manya, ya tsinci ma'anar soyayya daga finafinan Indiya, ya ɗauki ma'anar arziki daga bidiyon mawaƙa.

Wani masani Ba'amurke, Neil Postman, ya yi nuni da wannan haɗari a littafinsa na 1982. A ganinsa, karatu yana da matakala, dole yaro ya hau ta ɗaya bayan ɗaya kafin ya kai ga sirrin manya, amma hoto ba ya buƙatar koyo, don haka talabijin ke zube wa kowa kome a lokaci guda. Maganarsa na da ƙamshin gaskiya a wajenmu ma. Akwatin ba shi da kunya irin ta uba, amma kuma ba shi da hikima irin ta kaka, wadda ta san abin da ya kamata a faɗa wa jika bana da abin da za a bari sai baɗi.

Mai ja da wannan ra'ayi zai iya cewa, ai tasha ba makaranta ba ce, kasuwa ce, kuma tarbiyya aikin iyaye ne. Wani ma zai ƙara da cewa zancen ya tsufa, tunda matasa sun koma ga wayar hannu, suna YouTube da TikTok. Duka maganganun biyu abin dubawa ne. Lalle idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Uban da ya miƙa wa akwati renon ɗansa ba shi da bakin kuka. Amma iskar da tasha ke watsa shirinta a kai dukiyar jama'a ce, da lasisin hukuma take amfani da ita, saboda haka akwai haƙƙin jama'a a wuyanta. Ko a Amurka, inda kasuwa ke da ƙarfi, majalisa ta yi doka a 1990 kan shirye-shiryen yara, kuma a 1996 aka ƙayyade wa tashoshi sa'a uku a mako na shirin ilimantarwa ga 'yan shekara 16 zuwa ƙasa. Game da waya kuwa, ƙaurar da matasa suka yi zuwa gare ta hukunci ne suka yanke wa talabijin. Wanda aka ba wurin zama a gida ba ya kwana a waje. A cikin waya sun sami abin da akwatin ya hana su, wato damar yin magana a ji su, ko da yake a can ma babu sarkin samari mai tsawatarwa.

Saboda haka amsar tambayarmu ita ce, talabijin ya nishaɗantar da matasa, ya yi ciniki da su, ya yi musu gargaɗi, amma bai saurare su ba. Gyaran kuma ba ya fi ƙarfinmu. Tashoshin gwamnati da masu zaman kansu, har da irin su Arewa24 da aka buɗe a 2014 take watsa shirye-shirye da Hausa zalla, suna iya ware lokaci domin muhawarar ɗalibai, da labarun duniya a bakin matasa, da wasan kwaikwayon da jaruminsa ɗan aji huɗu ne mai matsala irin ta ɗan aji huɗu. Mu kuma ɗaliban harshe da adabi, mu ne ya kamata mu rubuta irin waɗannan wasanni, domin jiya-jiyan nan muka fito daga shekarun, ba mu manta zafinsu ba. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma mai tanƙwarawa sai ya matso kusa ya taɓa iccen, ya san inda yake da taushi da inda zai karye.