Abin da Ke Cikin Kofi da Hannun da Ya Tsinko

Duk wanda ya shirya hutu a Sisili, tsibiri mafi girma a Tekun Bahar Rum, zai tarar masu harkar yawon buɗe ido sun jera masa gidajen matsar inabi kamar rumfunan kasuwa. A yamma akwai Marsala, garin da wani ɗan kasuwar Ingila mai suna John Woodhouse ya fara lodin giyarsa zuwa ƙasarsu a 1773. A gabas akwai gonakin da suka hau jikin Etna, dutsen nan mai aman wuta, inda ƙasar noman baƙa ce wuluk. Baƙo zai biya kuɗin shiga, a zagaya da shi gona, a sauka da shi ɗakin ganguna, a ƙarshe a zaunar da shi a zuba masa. Abin da ake auna zaɓen da shi kuwa bai wuce uku ba: ɗanɗano, kyan wuri da farashi.

Ga da yawa daga cikinmu amsar gajeriya ce: ba ma sha, don haka ba ma zuwa. Wannan amsa tana da tushe, kuma ba mu zo nan don mu sassauta ta ba. Akwai kuma a cikinmu waɗanda addininsu bai hana su ba, su nasu zaɓen tsakanin wannan gida ne da wancan. Tambayarmu ta shafi ɓangarorin biyu. Idan mutum ya gama shawara a kan abin da ke cikin kofi, ya sha ko ya bari, shin ya gama da alhakin da ke kansa a matsayin baƙo mai kashe kuɗi a ƙasar mutane?

Mu fara raba itacen da kofin, domin ba abu ɗaya ba ne. Akwai wani ƙaramin tsibiri na Italiya, Pantelleriya, wanda ya fi kusa da Tunisiya a kan Sisili. Iska ba ta hutawa a can, ruwan sama kuma kaɗan ne. Sai manoman suka riƙa haƙa rami kamar ƙwarya, su dasa inabin a ciki, su yi ta datse shi don kada ya ɗaga kai sama da gwiwar mutum, sannan su kewaye gonar da katangar duwatsu ba tare da siminti ba. Ramin yana tara danshi, katangar tana karya iska. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan salon noma cikin al'adun duniya da ya kamata a adana. Sunan inabin nasu zibibbo, daga kalmar Larabcin da ta ba mu zabibi. Ba abin mamaki ba ne, domin Musulmi sun shiga Sisili a 827, mulkinsu bai ƙare gaba ɗaya ba sai 1091, kuma sun bar sawunsu a sunayen garuruwa da dabarun ban ruwa. Wanda bai taɓa kurɓar giya ba zai iya tsayawa a bakin hanya ya dubi wannan gona, ya ga yadda ɗan Adam ke lallashin ƙasa mai rowa. Kallon nan ba ya bukatar tikiti, bai kuma ci karo da imanin kowa ba.

Sai dai karatun da yawancinmu muka taso da shi bai tsaya kan mai sha kaɗai ba. Ya haɗa da mai matsewa, da mai ɗauka, da mai sayarwa, da mai cin kuɗinta. Ma'anar wannan tana da faɗi: ba a bakin mai ci ake fara yi wa abu hukunci ba, alhaki yana bin kaya tun daga gona har zuwa faranti. To, idan mun yarda da wannan a kan giya, da wane dalili za mu ajiye shi idan an zo kan sauran abin da tsibirin ke ciyar da mu?

Daga watan Agusta zuwa Oktoba ake tsinkar inabi a Sisili, zaitun kuma ya biyo baya. Wani kaso na wannan aiki baƙin haure ne ke yin sa, cikinsu har da samarin Afirka ta Yamma da suka bi ta Agadez da Libiya suka tsallaka teku. A gonakin Italiya akwai wata tsohuwar cuta da suke kira kaporalato: ɗan kamasho ne ke tsayawa tsakanin mai gona da lebura, ya kwashi mutane da asuba, ya yanki nasa a cikin ladansu, ya kuma caje su kuɗin mota. Abin ya yi ƙamarin da a 2016 majalisar ƙasar ta yi dokar da ke hukunta ɗan kamashon da mai gonar da ya amfana. A Kampobello di Mazara, garin da ya shahara da zaitun, leburori sun yi shekaru suna kwana a bukkokin leda da katako a lokacin girbi, har gobara ta cinye sansaninsu a 2021 ta kashe mutum ɗaya. Ba kowace gona ce haka ba, akwai masu biyan haƙƙi cif. Amma wanda ya ƙi shiga gidan giya ya je ya sayi kwalbar man zaitun da zuciya fes, yana iya kasancewa ya sayi gumin ɗan'uwansa a kan farashin wulaƙanci.

Bayan hannu akwai ƙasa. Shekaru aru-aru 'yan mafiya sun mallaki filaye a yammacin Sisili, suna karɓar kuɗin kariya daga masu shaguna. A 1995 wani limamin coci, Luigi Ciotti, ya kafa ƙungiyar Libera, ta tara sa hannun mutane kimanin miliyan ɗaya, a 1996 aka yi dokar da ta ba da damar miƙa dukiyar da aka ƙwace daga mafiya ga ayyukan al'umma. A 2001 matasa suka kafa ƙungiyar gama-kai a irin waɗannan filaye, suka raɗa mata sunan Placido Rizzotto, shugaban 'yan ƙwadagon da mafiya ta kashe a Korleyone a 1948. Suna noma alkama, suna yin taliya, suna kuma matsa giya mai suna Centopassi.

A nan lissafin yake ɗaurewa. Ga giya da aka matsa a ƙasar da aka ƙwato daga azzalumai, aka biya kowa ladansa. Ga kuma zaitun, halal tsantsa, da wataƙila yunwar wani ce ta sauko da shi daga bishiya. Adalcin gonar farko bai halatta wa Musulmi abin da ke cikin kofin ba. Halaccin zaitun ɗin kuma bai wanke zaluncin gona ta biyu ba. Sikeli biyu ne, kowanne da abin da yake aunawa. Mai sha yakan tsaya kan ɗanɗano, mai ƙin sha yakan tsaya kan kofi, su biyun su wuce lebura a bakin hanya ba su gan shi ba.

Za a ce mun ɗora wa ɗan hutu kaya mai nauyi. Mutum ya tara kuɗi shekara guda don ya huta mako ɗaya, ba alƙali ba ne, ba sufeton ƙwadago ba ne, 'yan kuɗinsa kuma ba za su sauya Sisili ba. Akwai gaskiya a ciki. Ba a nemi baƙo ya binciki littafin albashin kowa ba, abin da ya ɓoye masa bayan ya tambaya ba a wuyansa yake ba. Amma batun ƙanƙantar kuɗin, mutanen tsibirin da kansu sun amsa shi. A 2004 wasu matasan Palermo suka fara gangamin Addiopizzo. Suka tattara sunayen shaguna da otal-otal da gidajen abinci da suka ƙi biyan mafiya, suka roƙi masu saye su kai cinikinsu can. Duk dabarar a kan ƙaramin mai saye ta dogara, irin wanda ke ganin bai isa komai ba. Da yayyafi kogi kan cika.

Saboda haka zaɓen ƙofar da za a shiga ya fi ƙarfin kallon hoto a waya. Mai zuwa gidan matsar inabi ya tambaya su wa ke tsinkar inabin, a ina suke kwana, ta hannun wa ake ɗaukar su aiki. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya, wanda ya kauce mata kuwa ya riga ya amsa. Wanda ba ya zuwa, ya ɗauki tambayoyin nan ya kai su wurin mai man zaitun, da mai lemo, da mai masaukin da zai kwana. Idan yana son kuɗinsa ya taimaki waɗancan matasan gama-kai ba tare da ya taɓa giyarsu ba, taliyarsu na nan a kanti.

Idan kuwa muka haɗu a tafiya ɗaya, wani ya shiga wani ya tsaya a waje, wanda ya tsaya kada ya ɗauka nasa hisabin ya ƙare a bakin ƙofa. Da yamma za a kawo masa abinci da tumatir da zaitun a kai, waɗannan ma wani ne ya tsinko su, kuma mai yiwuwa da Hausa ya nemi hanya a tashar Agadez.