Awon Jiki da Awon Zuciya: Nasiha ga Muridin da Ƙiba ta Nauyaya wa Sujada

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya ba mu jiki aro, zai kuma tambaye mu yadda muka yi da shi. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi sawunsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, dalilin wannan rubutu wani ɗan'uwa ne da muke zaman wazifa tare a nan Madawa, dillalin albasa, mutumin kirki mai sakin hannu. Shekarun baya shi ne farkon zuwa zawiya. Sai muka ga ya koma bakin da'ira yana jingina da bango, daga baya aka riƙa kawo masa kujera, daga nan kuma sai a yi kwana uku ba a gan shi ba. Wani dare ya same ni gida, bayan gaisuwa ya ce, "Malam, a taimaka mini da wani laƙani. Idan na yi sujada numfashina sarƙewa yake, idan na zauna tahiya gwiwa ba ta ɗauka, ga shi a likita sun ce sukarin jinina ya hau." Na ce masa, "Alhaji, addu'a za mu yi, kuma ba za mu fasa ba. Amma laƙanin da zan ba ka littafi ne marar rubutu da alƙalami." Ya yi dariya, ya zaci wasa nake. Abin da na gaya masa a daren nan shi ne nake son in faɗaɗa a nan, domin na lura ba shi kaɗai ba ne.

Mutanen ƙasar nan ba su gaji ƙiba ba. Wanda ya san Adar ya san yadda matan Buza ke hawa da sauka kan duwatsu da tulu a ka, ya san matan Keita da suka yi ta jidar dutse suna tare zaizayar ƙasa tun lokacin da aka fara babban aikin nan na raya karkara a 1984, ana biyansu da abinci. Masu ban-ruwan albasa a kwarin Tarka su ma ba su da lokacin tara teɓa. Matsalar tamu ce mu da Allah ya buɗa wa, muka bar gona muka koma shago ko ofis, amma muka taho da akushin manomi. Jikin da a da yake yini yana noma, yanzu yini yake a kan tabarma. Tuwon bai ragu ba, sai ma shinkafa da mai da taliya da lemun kwalba da suka ƙaru a kai. Masallacin da ke bayan gida ma sai an hau babur. Ga kilishin garinmu da ya yi suna ko'ina, ga shayi zagaye uku, safe da rana da dare. Sannan jama'a na zuga mu: wane ya yi tumbi, lallai kasuwa ta karɓe shi. Har akwai mata da ƴan mata masu shan ƙwayoyi don su yi jiki, alhali wasu daga cikin ƙwayoyin nan kumburi suke kawowa tare da hawan jini da ciwon sukari.

Shari'a ba ta bar wannan babi ba. A Suratul A'araf, aya ta 31, Allah Maɗaukaki ya halatta mana ci da sha, a wuri guda kuma ya hana wuce iyaka. Imamu Tirmizi ya ruwaito daga Miƙdamu ɗan Ma'adikarib cewa Manzon Allah (SAW) ya bayyana ciki a matsayin mafi munin mazubin da mutum ke cikawa, ya nuna ƴan lomomin da za su tsayar da gadon baya sun wadatar, idan kuma ba makawa to a raba cikin uku: kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Ku dubi kashi na ukun nan. Alhajin da na ba ku labari bai san hadisin zai fassaru a jikinsa ba sai ranar da ya kai goshi ƙasa ya nemi numfashi ya rasa.

Malaman tasawwufi kuwa sun ɗauki rage ci a matsayin ɗaya daga cikin ginshiƙan tarbiyya huɗu, tare da rage magana, rage barci da rage cuɗanya. Ana jingina wannan ga Sahlu ɗan Abdullahi Tustari. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda suka bi da shi. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan hijira, ya yi babi guda a Ihya'u Ulumiddin kan karya sha'awar ciki da ta farji. A can ya yi gargaɗi cewa wanda ya saba da yawan ci, idan ya yanke a tashi ɗaya jikinsa ba zai jure ba. Sai ya kawo lissafi: mai cin gurasa biyu da yake son komawa ɗaya, ya riƙa rage kashi ɗaya cikin 28 ko cikin 30 na gurasa kowace rana, kafin wata ya cika ya koma gurasa ɗaya ba tare da ya ji a jikinsa ba. An kuma ambaci wasu magabata da suke auna abincinsu da ɗanyen itace. Kullum itacen na bushewa yana rage nauyi, abincin na raguwa tare da shi. Wato mutanen nan da ma'auni suke aiki, ba su yarda da "ai na rage" na fatar baki ba, don sun san rai gwanar ha'inci ce.

To daga nan littafin ya samo asali. Harisul Muhasibi, wanda ya rasu a Bagadaza a 243 bayan hijira, an yi masa wannan laƙabi ne saboda yawan yi wa kansa hisabi. Shehu Ibnu Arabi ya faɗa a Futuhatul Makkiyya cewa shehunansa suna da littafin da suke rubuta abin da suka faɗa da abin da suka aikata, bayan sallar Isha su keɓe su duba: wanda ya cancanci istigfari su yi, wanda ya cancanci godiya su gode. Muridi kuwa da ma mutumin ƙirga ne. Wanda safe da yamma yake riƙe da carbi, istigfari 100, salati 100, hailala 100, ba ya yarda ya tsallake ƙwaya ɗaya, bai kamata rubuta layi uku a dare ya gagare shi ba.

Ga yadda na ce Alhaji ya yi. Kowane dare kafin ya kwanta ya rubuta abin da ya shiga bakinsa tun daga safe, har da abin da aka miƙo masa a kasuwa ya karɓa don kunya, da adadin ƙwayoyin sukarin da aka jefa a shayi, da mintocin da ya yi yana tafiya da ƙafa. Satin farko na ce kada ya canja komai, ya dai rubuta gaskiya. Da ya dawo da littafin shi da kansa ya riƙe baki, domin sukarin shayi da na fura kaɗai ya wuce abin da yake zato nesa ba kusa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babban mutum ke ƙarawa ya wuce kimanin giram 50 a yini, wajen ƙaramin cokali 12 ke nan, kuma idan ya tsaya a rabin haka ya fi. Fura ba ta da laifi, da ita kakanninmu suka yi noma suka yi fatauci. Abin da muke zuba mata ne ya sauya ta. Daga sati na biyu sai aka bi hanyar Gazali: loma biyu daga tuwon dare, ƙwaya ɗaya daga kowane zagayen shayi, a ƙara miyar ganye da kwaɗon zogale da wake, a rage soye-soye. Wanda ya iya azumin Litinin da Alhamis ya yi da niyyar sunna, amma kada ya rama da dare abin da ya bari da rana.

Awo kuwa sau ɗaya a sati ya isa, rana ɗaya, sikeli ɗaya, da safe kafin a ci komai. Nauyin mutum yakan motsa da kilo ɗaya ko biyu tsakanin safe da dare saboda ruwa da abinci, don haka mai hawa sikeli kullum waswasi kawai zai saya wa kansa. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a sati shi ne ragi mai lafiya. Wanda yake ƙauye ba sikeli, ya sami igiya ya auna tsawonsa daga ƙafa zuwa ka, ya ninka ta biyu, ya zagaya cikinsa da ita wajen cibiya. Idan bakin igiyar bai haɗu ba, cikin ya wuce rabin tsawonsa, kuma kitsen ciki shi ne ya fi jawo ciwon sukari da na zuciya. Ya ɗaura ƙulli inda ya tsaya, bayan wata guda ya sake gwadawa.

Kada wani ya ce sai ya koma kamar yadda yake yana saurayi. Wani babban bincike da aka yi a Amurka kan mutane sama da 3,000 da ke bakin kamuwa da ciwon sukari, aka fitar da sakamakonsa a 2002, ya nuna waɗanda aka ɗora kan gyaran ci da motsa jiki na minti 150 a sati, da burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Mai kilo 100 ke nan ya sauke 7. Minti 150 kuwa rabin awa ne sau biyar a sati.

Tafiya ita ce mafi daɗin wannan magana a wurina, domin a nan ne ladan duniya da na lahira suka hau hanya ɗaya. Banu Salima sun so su taso daga unguwarsu su dawo kusa da masallacin Annabi (SAW), sai ya umarce su su zauna inda suke, ya sanar da su ana rubuta musu sawayensu. Muslim ya ruwaito. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa yana zuwa Ƙuba kowace Asabar, wani lokaci a ƙafa wani lokaci a kan abin hawa, tsakanin kuwa ya fi kilomita 3. Mala'iku sun riga mu buɗe littafin sawu, mu dai kwaikwayo muke. Na ce wa Alhaji ya jingine babur lokacin Asuba da Magariba, ya zaɓi masallacin da ya ɗan fi nisa, idan an sallame Asuba ya zaga ta bayan gari kafin rana ta ɗaga. A watannin bazara, da zafi ke haura 40, kada kowa ya fita da tsakar rana da sunan motsa jiki, kuma a sha ruwa. Lazimi a bar shi a mazauninsa da sharuɗɗansa. Amma salati da istigfari na nafila, harshe na yi ƙafa na tafiya, ba abin da ya hana. Tafiyar ta zama mai ɗan sauri, wadda za ka iya magana a cikinta amma ka ji numfashi ya ƙaru.

Sai dai akwai rami a wannan hanya, kuma na ga waɗanda suka faɗa. Mutum ya sauke kilo biyar, sai ya fara kallon ƴan'uwansa a da'ira yana auna su da ido, ko ya riƙa sa hotunansa a Facebook na da da na yanzu yana jiran yabo. Ya sauke kitse ya ɗauki ujubu, kuma na biyun ya fi nauyi. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha (RA) ta wuce shi, bayan shekaru da ta yi jiki suka sake ya wuce ta, ya yi mata raha cewa an yi ramuwa. Ba gori, ba kunyatarwa. Akwai kuma mai ƙibar gado, akwai wanda magani ko ciwo ya kumbura, ba ka san tsakaninsa da Ubangijinsa ba. A wancan ma'aunin na gobe, ingantaccen hadisi ya nuna za a zo da ƙaton mutum mai ƙiba bai kai nauyin fiffiken sauro ba, ƙwaurin Abdullahi ɗan Mas'ud kuwa da sahabbai suka yi wa dariya don sirantaka ya fi dutsen Uhudu nauyi. Siriri ma kada ya yi murna, ba ramar ce ta ba Ibnu Mas'ud nauyi ba. Littafinka tsakaninka da Allah ne, sai likitanka, sai ɗan'uwa ɗaya da zai riƙa tambayarka.

Wani abu kuma da ba zan iya tsallakewa ba. Muna maganar rage ci a ƙasar da ta ga yunwar 2005, ƙasar da har yau idan damina ta yi tsaka rumbu ya yi ƙasa, ake kwantar da yara masu tamowa a asibitin Madawa. Abin kunya ne mutum ya rage tuwo, ragin ya tafi bola ko ya koma aljihunsa. Na roƙi Alhaji ya ce wa uwargida, duk lokacin da za a auna hatsin girki ta ɗebe cikin tafi ɗaya ta zuba a wata ƙwarya daban, kuɗin lemun kwalba da na sukarin da aka bari su ma a ware. Ƙarshen wata ya ga tiya nawa ta taru, ya san gidan da zai kai da dare ba wanda ya gani. Wannan shafin na littafin ya fi sauran saurin gyara niyya.

Mai ciki da mai shayarwa da yaro mai tasowa da tsoho mai rauni, wannan nasiha ba tasu ba ce. Mai shan maganin sukari ko na hawan jini kada ya rage ci ko ya shiga azumin nafila sai ya shawarci likita, kada kuma ya ajiye magani don ya ga ya fara sauƙi. Wanda kuwa ya ga yana ramewa ba tare da ya nema ba, ga ƙishirwa da yawan fitsari, ko tari da ya ƙi ƙarewa, ya tafi a duba shi tun da wuri, wannan ba ci gaba ba ne.

Alhaji yau wata biyar ke nan yana riƙe da littafinsa. Akwai satin da aka yi bikin ɗiyarsa, shafukan suka zauna fari fat, ya zo yana jin nauyina. Na ce ya ci gaba daga inda ya tsaya, kamar yadda ake ramuwar wuridi. Gwiwar ba ta warke duka ba, kujerar tana nan a zawiya, wani lokaci yakan koma kanta kafin a kai ga Jauhara. Amma Juma'ar da ta wuce a ƙasa ya zauna tun daga farkon zikiri har aka shafa, kuma a ƙafa ya zo. Allah ya ƙara masa lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa albarka a abin da muke ci da abin da muke bayarwa, albarkar Annabi (SAW). Wassalamu alaikum wa rahmatullah.