Ka Shirya Gasar Ces Don Wanda Zai Zo Na Ƙarshe

Ɗana, idan ka ƙudura niyyar haɗa gasar darar ces tsakanin 'yan unguwarku, madalla. Amma kafin ka ari benci ko ka rubuta sunan kowa, sa mutum guda a ranka: wanda zai zo na ƙarshe. Gwani ba ya buƙatar lallashi, ko ba ka gayyace shi ba zai zo. Yaron da aka cinye sau huɗu a jere kuwa, in ya tafi da kunya ba ka ƙara ganinsa, kuma da shi abokansa uku za su tafi.

Saboda haka kada ka yi sili-ɗaya-ƙwale. Tsari ne mai daɗin kallo, amma a zagayen farko rabin mutanenka sun zama 'yan kallo, alhali wani tun daga ƙarshen gari ya biya kuɗin Keke Napep ya zo. In ba ku wuce takwas ba, kowa ya kara da kowa: in ku takwas ne, zagaye 7, wasa 28, kuna iya raba shi Asabar biyu. In kun wuce takwas, ga tsarin Suwizalan, wanda aka fara amfani da shi a birnin Zurik a 1895. Ba a korar kowa. Wanda ya ci yana da maki 1, canjaras rabin maki, wanda aka ci babu komai. Bayan kowane zagaye sai a haɗa masu maki iri ɗaya, kuma mutum biyu ba sa karawa sau biyu. Kafin zagaye na uku gwanaye sun haɗu da juna a sama, masu koyo sun haɗu da tsararrakinsu a ƙasa, kowa ya sami wasan da zai iya ci. Zagaye 4 ya isa ya fitar da zakara cikin mutum 16, zagaye 5 cikin 32. Ba sai da kwamfuta ba. Ka yanka kwali, kowa da katinsa, ka riƙa rubuta wanda ya kara da shi, da fari ya riƙe ko baƙi, da makinsa. In adadin bai cika biyu-biyu ba, wanda ya rage a ba shi makinsa ya huta, amma kada hutun ya faɗa kan mutum ɗaya sau biyu.

Wuri kada ya dame ka. Tunde Onakoya, wanda ya kafa Chess in Slums Africa a 2018, yaran Makoko da na ƙarƙashin gadar Oshodi a Legas ya koya wa wasan nan. Gwanar ces Phiona Mutesi ma a unguwar talakawa ta Katwe a Kampala ta koya, wajen Robert Katende. Zaure, ajin makaranta ranar hutu ko inuwar darbejiya duk sun wadatar, muddin ka nemi izinin mai wurin kuma mai unguwa ya san da zancen.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka tara kowa kafin a ɗaga soja ko ɗaya, ka faɗi dokoki da babbar murya. Farin gida ya kasance a hannun daman kowane ɗan wasa, sarauniya kuma a gida mai launinta. Abin da ka taɓa shi za ka motsa, in ka sake shi ya zauna. Wannan dokar ita ta fi haddasa rigima tsakanin abokai, domin sun saba da "dakata, ba haka nake nufi ba". Ka kuma bayyana cewa idan sarki ba ya cikin hari amma mai shi ba shi da inda zai motsa komai, canjaras ne. Masu koyo da yawa suna ɗauka ci ne, sai dara ta ci gida bayan mutum ya cinye wa abokin karawarsa kusan komai. Alƙalin wasa ya zama wanda ba ya cikin gasar, ko da kai ne za ka haƙura da bugawa.

Ku sa agogo, minti 15 ga kowane mutum, don kada wani ya kwana kan doki ɗaya. Akwai manhajar agogon ces kyauta a waya. Ban da wadda ke aikin agogo, sauran wayoyi su koma aljihu a kashe. Tun 1997 na'urar Deep Blue ta doke gwanin ces Garry Kasparov, yau kuwa wayar hannu ta fi ƙarfin kowane ɗan Adam a wasan nan. 'Yan kallo su ma a ja musu kunne. A darar gida mun saba kowa ya sa baki, a nan ko tari mai ma'ana ba a yarda ba.

Sai maganar kuɗi, kuma a nan ina so ka saurare ni da kyau. Malamai sun daɗe da saɓani kan hukuncin wannan wasa, wasu sun tsananta, wasu sun sassauta, ka tambayi malaminka. Abin da ba su yi saɓani a kai ba shi ne haramcin caca da wofintar da salla. Kada ka tara kuɗin shiga ka miƙa wa zakara. In za a yi kyauta, wani dattijo ko ɗan kasuwa ya bayar daga aljihunsa: allon ces, littafi, ko yadin shadda. Ka ware wani abu ga mafi ƙarancin shekaru, da wanda ya buga duk wasanninsa bai gudu ba. Ka tsara zagaye yadda kiran azahar zai same ku a hutu.

Bayan kowane wasa a yi musabaha, sannan ka roƙi wanda ya ci ya zauna minti biyar ya nuna wa ɗan'uwansa inda wasan ya kuɓuce masa. Wasu gwanayen za su yi ta gunaguni, ka nace. Kafin a watse kuma ka tsayar da ranar gasa ta gaba, ka karɓi lambar wayar kowa, ka fara da waɗanda ke ƙasan jadawali.