Jiki a Sahu, Zuciya a Fadama

Duk wanda ya san kwarin Rima daga Argungu zuwa Birnin Kebbi ya san damuwar mutanensa ba ƙage ba ce. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi cikin Nuwamban 2015, noma ya bunƙasa, amma bashi ma ya sami wurin zama a gidaje da yawa. A daminar 2020 ambaliya ta cinye gonaki masu ɗimbin yawa ana dab da girbi. A 2023 aka janye tallafin mai, kuɗin da injin ban-ruwa ke sha a noman rani ya ninka. Ga zullumin tsaro, daga sace ɗalibai a Birnin Yauri a 2021 zuwa ɓullar 'yan bindigar Lakurawa a yankin Augie. Mutumin da ke ɗauke da wannan kaya, in ka ce masa ya zauna ya natsu, ya tattara hankalinsa a kan lokacin da yake ciki, zai yi maka kallon wanda ya ƙoshi, kuma yana da hujja. Duk da haka ina ganin maganar tana da gaskiya a cikinta. Sai dai gaskiya ce mai iyaka, kuma masu tallata ta da masu watsi da ita duk sukan tsallake iyakar.

Abin da muke kira damuwa kashi biyu ne. Akwai matsalar kanta: bashin da wa'adinsa ya kusa, ruwan da ke ƙaruwa a gulbi, yaron da ke kwance ba lafiya. Akwai kuma saƙe-saƙen da zuciya ke yi a kan matsalar. Bashi sau ɗaya ake biyansa, amma mai shi yakan biya shi sau ɗari a kan shimfiɗarsa kafin asuba, ya ga an zo ɗaukar babur ɗinsa, ya ji irin maganar da surukai za su yi, ya koma ya zargi kansa a kan taki da ya saya da tsada bara. Jiki kuwa ba ya bambanta haɗarin da ke gabansa da wanda aka raya a zuci. Kowane daga cikinsu yakan sa a saki sinadaran shirin faɗa ko gudu, bugun zuciya ya ƙaru, barci ya ƙaurace, kuma in abin ya daɗe yana cikin abubuwan da ke taimaka wa hawan jini. Hausawa sun daɗe da lura da wannan, shi ya sa ake cewa tunani ya yi wa wane yawa. A 2010 wasu masu bincike biyu na Jami'ar Harvard, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert, suka riƙa aika wa mutane 2,250 tambaya ta waya a lokuta daban-daban: me kake yi yanzu, ina hankalinka yake, yaya kake ji? Suka tarar kusan kashi 47 cikin ɗari na lokacin hankalin mutane ba ya kan abin da suke yi, kuma a irin wannan lokaci ne walwalarsu ta fi raguwa, ko da aikin da ke hannunsu mai daɗi ne. Wannan kashi na biyu shi ne halartar zuciya, wato tattara hankali a kan lokacin da ake ciki, ke iya taɓawa. Na farkon yana nan yadda yake.

Musulmin Kabi da Gwandu ba baƙo ba ne ga wannan ilimi, ko da bai taɓa jin sunan da Turawa suka ba shi ba. Cikin addu'o'in da aka ruwaito daga Manzon Allah (SAW) akwai neman tsari daga abubuwa biyu a jere, waɗanda malamai irin su Ibnul Ƙayyim suka bayyana da cewa ɗaya fargabar abin da bai zo ba ce, ɗayan kuwa baƙin cikin abin da ya riga ya wuce. Idan aka cire waɗannan biyu, abin da ya rage wa bawa shi ne lokacin da yake tsaye a ciki. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu sun lissafa natsuwa cikin farillan salla, wato gaɓoɓi su zauna daram a ruku'u da sujada, kuma almajirai sun san labarin mutumin da Annabi ya mayar har sau uku ya sake salla saboda gaggawarsa. Hadisin Jibrilu ya ɗora matakin ihsani a kan bauta wa Allah da sanin cewa yana kallonka, kuma daga nan sufaye suka gina abin da suke kira muraƙaba, tsaron zuciya. Imamu Gazali ya yi dogon bayani a Ihya'u kan yadda ake halarto da zuciya cikin salla, har ya kawo shawarar mutum ya kawar da abin da ke ɗauke masa ido, ya kuma gama da abin da ke ɗauke masa hankali kafin ya yi kabbara. Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi 'yan Ƙadiriyya ne, wuridi yana cikin tsarin yininsu ko a tsakiyar yaƙi. Abin takaici, mu da aka ba mu wannan horo sau biyar a rana mu ne ke idar da raka'a huɗu cikin minti biyu, jiki a sahu, zuciya tana can fadama tana ƙirga buhuna, sannan ana sallama hannu ya tafi aljihu neman waya.

Suka ta farko da ake yi tana da nauyi, bai kamata a yi mata dariya ba. Ana cewa wannan zaman natsuwa da ake koyarwa a asibitocin Turai asalinsa addinin Buddha ne, don haka Musulmi ba shi da abin nema a ciki. Asalin kam haka ne. Jon Kabat-Zinn, wanda ya kafa shirin makonni takwas na rage damuwa a asibitin Jami'ar Massachusetts a 1979, a wurin malaman Buddha ya koyo, kuma bai ɓoye ba. Ya cire akidar ya bar horon: a zauna, a lura da shiga da fitar numfashi, duk lokacin da hankali ya gudu a dawo da shi ba tare da zargin kai ba. To amma dawo da hankali baiwa ce da Allah ya halicci kowane ɗan Adam da ita, kamar yadda ya halicce shi da numfashin. Mai karatun allo da ke maimaita aya har ta zauna, shi ma abin da yake yi ke nan. Inda aka rabu shi ne manufa. Mai bin horon asibiti yana halarta ne don ya kalli tunaninsa yana wucewa, Musulmi kuwa yana halarta ne a gaban Ubangijinsa. Wanda aka ba shi wani lafazi da bai san ma'anarsa ba aka ce ya riƙa maimaitawa, ko aka ce ya rusuna wa wani hoto, wannan ya ƙi. Wanda likita ya ce ya ja numfashi a hankali sau goma kafin ya amsa maganar da ta ɓata masa rai, ban ga abin da ya taɓa imaninsa ba, tunda shari'a da kanta ta umarci mai fushi ya yi shiru, ya zauna, ya yi alwala. Akwai wani gargaɗi dai da ya fi wannan cancanta, shi ne kada a mai da zikiri ƙwayar magani. Wanda ya riƙi carbi don hawan jininsa ya sauka kawai ya sauya niyya. Kwanciyar hankali tana biyo bayan ambaton Allah, Alƙur'ani ya faɗi haka a Suratur Ra'adi, amma bin baya take yi, ba ita ake bauta wa ba.

Suka ta biyu ta fito daga ɗaya ɓangaren. Masu ita suna cewa koya wa talaka zama a cikin yau hanya ce ta kashe masa zuciya: ya daina tanadin gobe, ya daina tambayar wanda ya kamata ya gyara madatsun ruwa, ya kira sakaci tawakkali. Wannan haɗari ne na gaske, kuma an sha amfani da kalmar haƙuri wajen rufe bakin wanda aka zalunta. Sai dai tsara gobe daban, zullumin gobe daban. Annabi Yusufu ya tsara tanadin shekara bakwai, kuma aikin tsarawar a yininsa ya yi shi, da hankali a tattare. Manomin da ya zauna ya lissafa ko zai shuka iri mai saurin nuna don ya riga ambaliya, yana cikin lokacinsa sarai. Wanda ya kwana yana ganin ruwa a ido bai yanke komai ba, shi ne ya fita daga ciki. A dubi masuncin da ke kwance a kan gora a Matan Fada ranar gasar kamun kifi ta Argungu, homa a hannuwansa, dubban mutane suna ihu a gaɓa. In hankalinsa ya tafi kan kyautar da za a bayar, ko kan kifin da ya kuɓuce masa bara, giwan ruwa zai gogi ƙafarsa ya wuce bai sani ba. Natsuwarsa ita ce aikinsa.

Tarihin Gwandu ma yana da abin faɗa. Wajen 1807 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ƙosa da yadda son duniya ya fara shiga zukatan wasu mayaƙan jihadi, har ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar aikin hajji. A Kano jama'a suka tsayar da shi suna neman ya koya musu yadda ake mulki da shari'a. Ya tsaya, ya karantar da tafsiri, ya rubuta musu Diya'ul Hukkami, daga baya ya komo. Mutum ne mai yawan ibada da zikiri, kuma hakan bai hana shi ganin ɓarna ya faɗe ta da kakkausan harshe ba. Abin da ya fitar da shi daga ƙuncin shi ne aikin da ya tarar a gabansa a ranar. Ban ga yadda za a ce irin wannan mutum halartar zuciya ta kashe masa himma ba.

Suka ta uku ita ce ta fi ƙarfi, domin daga shaidar kanta ta fito. A 2014 masu bincike na Jami'ar Johns Hopkins suka tattara gwaje-gwaje 47 da aka yi a kan mutane 3,515. Suka ce horon yana rage fargaba da ciwon damuwa da raɗaɗin jiki, amma ragi matsakaici, kuma ba su ga shaidar cewa ya fi magani ko motsa jiki ba. A 2022 wani gwaji a Amurka ya nuna shirin makonni takwas ɗin ya yi kafaɗa da kafaɗa da wata sananniyar ƙwayar maganin fargaba. A 2022 ɗin kuma babban gwajin da aka yi a makarantun sakandaren Birtaniya, kan dubban yara, ya nuna koyar da shi ga kowa a aji bai fi darasin da aka saba ba, kuma yawancin yaran ba su ma yi aikin a gida ba. Ma'anar wannan ita ce abin yana amfanar wanda ya so shi ya kuma dawwama a kai, ba a ɗura wa mutum shi. Sannan waɗannan gwaje-gwaje a kan horon natsuwa na Turawa aka yi su, ba a kan zikiri ba, don haka mai wa'azin da ya ɗauko alƙalumansu ya ce Turawa sun tabbatar da zikiri ya wuce inda shaidar ta tsaya, kuma zikiri ba ya bukatar wannan tabbacin.

A nan iyakar take. Matar da ta haihu ta shiga mako na uku ba ta barci, ba ta son ganin jaririnta, ko saurayin da ya daina magana ya fara cewa gara ya mutu, waɗannan ba ƙarancin imani ke damunsu ba, kuma gaya musu su ƙara zikiri kawai zalunci ne da sunan nasiha. Cuta ce da ke da magani. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta ba su haƙƙin a duba su, akwai likitoci a asibitin tarayya na Birnin Kebbi, akwai kuma asibitin ƙwararru a Kware ta Jihar Sakkwato. Limamin unguwa shi ne mutum na farko da iyalai ke kai wa irin wannan kuka, tun kafin su tuna da asibiti, don haka shi ya fi kowa bukatar sanin alamomin da za su sa ya yi addu'a sannan ya ce a nemo mota.