Rarar Kaka da Haƙƙin Shekarar da Ba Ta Zo Ba

Akwai wani nau'in wasan kwamfuta da ake gina masana'antu a cikinsa, ana haƙo ma'adinai ana sarrafa su daga wannan inji zuwa wancan, kuma Factorio, wanda wani kamfani na birnin Prague ya kammala fitarwa a 2020, yana cikin waɗanda suka fi shahara. Babbar wahalar mai wannan wasa ita ce yalwa, domin duk injin da mafitarsa ta cika tsayawa yake yi, ya tsayar da waɗanda ke bayansa. Idan aka zo tace yuraniyam a wasan, ma'adinin da ake haƙowa a Arlit, injin kan ba da nau'in da ake nema kusan sau bakwai ne cikin dubu, ba tare da an san lokacin da zai fito ba, don haka dole a nema wa sauran tarin wurin ajiya. A wani wasan mai suna Satisfactory har inji aka tanada da ke haɗiye duk abin da ya yi yawa. Tambayar da ke ƙarƙashin wannan tsari tsohuwa ce ƙwarai: me ya wajaba a kan wanda ya samu fiye da buƙatarsa, alhali bai san abin da gobe za ta ba shi ba?

Mutanen Tebaram, a arewacin Adar cikin jihar Tawa, suna rayuwa da wannan tambaya kowace shekara, domin ƙasarsu tana dab da iyakar da noman damina ke ƙarewa, makiyaya ta fara, iyakar da hukumar Nijar ta shata da doka tun 1961. Manomi na iya shuka gero iri ɗaya a gona ɗaya da ƙwazo ɗaya, bana ya ɗaure dammunan da rumbu ba zai ɗauke ba, baɗi ya tashi da abin da ba zai kai iyalinsa tsakiyar rani ba, har matasan gida su tafi cin rani Abijan ko Najeriya. Farin 1973 da na 1984, da farar da ta sauka a 2004 ta taimaka wajen jawo yunwar 2005, duk suna cikin abin da dattawan yankin ke auna kowace kaka da shi.

Wasu kan ɗauka imani da ƙaddara, wato yarda cewa Allah ya riga ya san abin da zai faru ya kuma hukunta shi, yana sa tanadi ya zama rashin dogara ga Allah, amma wannan fahimta ba ta da madogara. Ƙissar Annabi Yusuf ta ginu ne a kan ajiye hatsin shekaru bakwai na yalwa cikin zangarniyarsa saboda shekaru bakwai na tsanani, dabarar da Ba'adare ke bi idan ya zuba damen gero a rumbu bai sussuke ba, kuma ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kan keɓe wa iyalinsa abincin shekara. Tawakkali aikin zuciya ne da ke tafiya tare da riƙo da sababi. A ƙasar da damina ba ta da alkawari, yawancin abin da ake kira rara a lokacin kaka abincin wata shekara ne da ya riga ta isowa, kuma wanda ya ƙarar da shi a gasar biki ya faɗa cikin almubazzarancin da addini ya hana.

Sai dai shari'a ba ta bar rumbu a toshe ba, kuma a nan ne rayuwa ta rabu da wasan, domin rarar wasa ba ta da mai haƙƙi, ana iya zuba ta a injin haɗiya babu wanda ya cutu. A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Adar, hatsin da ya kai nisabi, wato mafi ƙarancin abin da zakka ke hawa kansa, wusuƙi 5 ko sa'i 300, ana fitar masa da kashi ɗaya cikin goma idan ruwan sama ya raya shi, ko rabin haka idan da wahalar ban ruwa aka same shi. Ba a jiran shekara ta zagayo, kuma ba a yarda manomi ya ce zai haɗa kyakkyawar kaka da mummunar da yake tsoro ya ga ko wani abu zai saura. Hikimar a fili take ga wanda ya san yadda ruwa ke sauka a arewa, ya jiƙa wannan gona ya tsallake ta kusa da ita, ta yadda shekarar yalwar wani ita ce shekarar farin maƙwabcinsa.

Wurin da maganar ta fi wuya shi ne bambance tanadi da ɓoye, abin da malamai ke kira ihtikari, wato saye abinci a killace shi har tsada ta kama mutane. Buhunan da ke sito ba sa nuna niyyar mai su, kuma shi kansa yana iya ruɗin zuciyarsa da sunan hangen nesa. Malamai sun sassauta wa manomin da ya ajiye abin da ya noma, suka tsananta wa mai sayewa daga kasuwa lokacin ƙunci, suka kuma yarda hukuma ta tilasta sayarwa idan rayuka na cikin haɗari. A 2005 hatsi bai ɓace daga kasuwannin Tawa da Maraɗi ba, farashin tiya ne ya fi ƙarfin talaka, wanda sau da yawa shi ne ya sayar da geronsa da arha a kaka don biyan bashi. Bankunan hatsi na ƙauyuka, da rumbun ƙasa na hukumar OPVN, an kafa su ne don toshe wannan giɓi, kuma ƙarfinsu bai wuce amanar masu riƙe da makullansu ba.

Makiyayan yankin, Fulani da Buzaye, sun daɗe da nasu amsoshin. Madarar damina, wadda ba ta kwana, ana mayar da ita cuku da man shanu su kai rani. 'Yan maruƙa maza da haihuwa ta kawo ba da zaɓin kowa ba su ne ake kai wa kasuwa a sayi hatsi, a bar mata su ci gaba da garke. Mafi zurfi ita ce habbanaye, inda mai shanu ke ba wanda ya rasa aron karsana, ya riƙe ta yana shan nono har ta haihu, ya mallaki 'ya'yan ya mayar da uwar. Mai ba da aron ya raba dabbobinsa a garkuna da makiyayu daban-daban, ta yadda fari ko cuta ba za su same su gaba ɗaya ba, kuma idan nasa garken ya ƙare akwai gidajen da za su tuna da shi. Waɗanda suka riƙe kowace dabba a hannunsu har ciyawa ta ƙare, kamar yadda aka gani a 2010, sun sayar da shanu a farashin da bai kai na buhun gero ba, wasu shanun kuma suka mutu a hanyar rijiya kafin a kai su kasuwa.