Wutar Gas da Hukuncin Al'ada

A Yola ta ƙasar Karaye, haka nan a Rogo, za ka ga mai shayi ya ajiye murhun itace ya koma tukunyar gas. Ya murɗa makunni, ya ƙyasta ashana, shuɗiyar wuta ta zagaye gindin buta. Abin da ke ci ɗin nan firofen ne da butan, 'yan gidan sinadaran alkan, dangin fetur da kananzir. Masana suna iya faɗin yawan zafin da ke fita idan kabon da haidirojin suka haɗu suka zama irin wannan sinadari, tun ba su gwada ba. Shin ke nan halitta ce ke tafiyar da kanta, ko kuwa lissafin shaida ne a kan Mai tafiyar da ita?

A 1958 Sidney Benson da abokin aikinsa Buss suka tsara hanyar wannan lissafi a Amurka. Ana rarraba ƙwayar sinadari gungu-gungu, kowanne da rabonsa. Kabon na bakin layi mai haidirojin 3 yana ba da kusan kilojul 42 a kowane mol, na tsakiya mai haidirojin 2 kusan 21. Butan yana da biyu na baki da biyu na tsakiya, jimla 126, awon ɗakin gwaji ma kusan haka ya nuna. Amma a lura, hankali bai haifi 42 da 21 ba. Daga maimaita awo aka tsinto su. Wannan shi ne abin da malaman zaure ke kira hukuncin al'ada idan suna karantar da Ummul Barahina ta Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490: alaƙar da aka sani ta hanyar maimaituwa, saɓanin hukuncin hankali irin na biyu ta fi ɗaya, wanda ba ya jiran gwaji. Dubi saikulofirofen, inda kabon 3 suka ƙulla zobe. Lissafi ya ce zai fitar da kusan 62, awo ya ce sai ma ya shanye 53. Dole aka ƙara gyara na kusan 115 saboda matsin zoben, gyaran ma awo ne ya koyar da shi.

Wani zai ce yau kwamfuta na fitar da waɗannan alƙaluma daga dokokin kimiyya. Gaskiya ne, sai dai dokokin sun dogara da nauyin ilektiron da cajinsa, waɗanda auna su aka yi, kuma babu hujjar hankali da ta wajabta su zo haka. Wani kuma zai ɗauko ƙorafin Ibn Rushd a kan Imam Gazali, wanda ya ce wuta ba ta ƙona auduga da ikon kanta: idan an rushe sababi, ai an rushe ilimi. Amsa ita ce ba a rushe tabbatuwar alaƙar ba, an dai mayar da ita ga Mai ita, kuma Alƙur'ani ya tabbatar mana sunnar Allah ba ta sauyawa. Shi ya sa butan na Karaye da na Amurka suke da awo ɗaya.

Saboda haka ɗalibin da ya baro Yola ya shiga ɗakin gwaji a Jami'ar Bayero ba ya bukatar ajiye tauhidinsa a bakin ƙofa. Aƙidarsa ce ma ta ɗora masa aikin: tunda al'ada ba a saninta sai da lura, wajibinsa ne ya auna da kyau, ya lissafa da amana, kuma ya karɓi gyara duk ranar da awo ya ƙaryata lissafinsa.